Makullin da ba a sake ba a Bedford

Da daren 31 ga Mayu, 2014, wani ƙaramin jirgin alfarma ƙirar Gulfstream IV ya kama gudu a titin filin jirgin Hanscom da ke Bedford, a jihar Massachusetts ta Amurka, da nufin tafiya Atlantic City. Bai tashi ba. Ya cinye titin, ya kakkarya fitilu, ya afka kwazazzabo a bakin kogin Shawsheen, wuta ta kama. Mutum 7 ne a ciki, kuma babu wanda ya fita da rai, har da Lewis Katz, ɗaya daga cikin masu jaridar Philadelphia Inquirer.

Titin ya haura kilomita 2, injina kuma lafiya lau. Abin da hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano ya fi haka ban takaici. Idan an ajiye irin wannan jirgi, akwai makullin da ke ƙame sassa masu motsi na fikafikai da wutsiya, don kada iska ta yi ta wujijjiga su. Wutsiyar ce ke ɗaga hancin jirgi sama, don haka sai an saki makullin kafin tashi. A daren nan ba a sake shi ba.

Mantuwa ta ɗan Adam ce, shi ya sa aka kafa ƙa'ida: kafin tashi, matuƙi ya juya sitiyari ta ko'ina, ya taka feda, ya tabbatar komai na motsi. Matuƙan biyu ba 'yan koyo ba ne, sun shekara fiye da 10 suna aiki tare. Amma na'urar naɗar bayanan jirgin ta tona asiri: a tashi 175 da aka duba, sau 2 kacal suka yi cikakken gwajin. Sun tsallake sau ɗari da wani abu ba abin da ya faru, har sakaci ya zame musu al'ada. A ganina, nan haɗarin ya faro.

Kamfanin Gulfstream ma bai tsira daga zargi ba. An ƙera makullin ne yadda zai hana a ba inji wuta sosai muddin yana kulle, sai ga shi bai hana ba.

A daren haɗarin, ko da matuƙi ya lura da matsalar a kan titi, ya yi ta maimaita cewa makulli na kulle, ana ta ƙoƙarin sakinsa maimakon taka birki. Jirgin ya kai gudun kusan kilomita 300 a awa, wato kowace daƙiƙa tana lashe mita 80 na titi. Lissafin NTSB ya nuna da an fasa tashin cikin daƙiƙa 11 da ganin matsalar, da jirgin ya tsaya a kan kwalta.

Daga baya ƙungiyar masu jiragen kasuwanci ta NBAA ta bi bayanan tashi sama da 140,000 na tsakanin 2013 da 2015. A kusan kashi 18 cikin ɗari, ba a yi gwajin yadda ya kamata ba.