Wa Zai Tsaya wa Ruwan da Muka Koyi Iyo a Ciki?

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san daɗin ranar Asabar a bakin ruwa. A yi wanki, a shanya kaya a kan dutse, sannan a faɗa ruwa har ido ya yi ja. A nan da yawa daga cikinmu muka koyi iyo, muka koyi ɗaura ƙugiya da tana. Da muka dawo hutu daga jami'a a tsakiyar rani, muka nufi tafkin da muka saba zuwa, sai muka tarar da taɓo ya tsage, yara suna buga ƙwallo a wurin da a da ruwa ke kai mana wuya. Muka tambayi wani dattijo mai lambu a wurin. Ya ce: "'Ya'yana, kowa ɗiba yake yi, ba mai lura."

Maganar nan tasa ce ta sa muka rubuto muku, ƙannenmu.

Hanyoyin da ruwan tafki ko na dam ke bi ya tafi sanannu ne. Rana da iskar hunturu suna shanye wani kaso. Injinan ban ruwa suna jan wani. Wani yana nutsewa cikin ƙasa. Na huɗu shi ne wanda ido bai cika gani ba: idan aka sare itatuwan gaɓa, aka yi noma har bakin ruwa, kowace damina sai ta kwaso yashi da laka ta zuba a ciki. A watan Satumba za ku ga tafki ya cika fal, alhali cikinsa ya zama faranti, ba kwano ba. Ruwa marar zurfi kuwa ba ya kai bazara.

Ga ɗan lissafi na ajin SS1. Idan faɗin ruwa ya kai murabba'in kilomita 1, ya sauka da santimita 1 kacal, an rasa lita miliyan 10. Jarka mai lita 25 guda 400,000 ke nan. Dam ɗin Tiga da ke jihar Kano, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178 idan ya cika. Ku yi lissafin abin da santimita 1 ke nufi a can.

An gina Tiga ne domin noman rani da ruwan sha, amma tun farko an yi tunanin shaƙatawa. Shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a kusa da shi, aka kuma yi wani a bakin tafkin Bagauda. A 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Yau harabar otal ɗin Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A Argungu ma, a 2006 an hana shiga su a bikin kamun kifi saboda ruwa ya yi ƙasa. Idan ƙarancin ruwa ya iya taɓa bikin da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, ina ga ƙaramin tafkin garinmu?

Amma akwai waɗanda ba su yi shiru ba, kuma maƙwabtanmu ne. Bayan Tiga, da dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona, wasu kuma suka rasa shi. Masunta da manoma da makiyaya suka riƙa kai kuka, suka kuma riƙa fita aikin gayya suna yanke kacalla. Tun 1987 aka kafa shirin kare fadamun. A 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2008 aka ƙara da Baturiya ta jiharmu, inda tsuntsaye ke saukowa daga Turai lokacin sanyi. Jihohi shida, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sun kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan.

Mu mutanen Gwaram wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Kogin da ke bi ta ƙasarmu, wanda ake kira Bunga a sama, Jama'are a ƙasa, shi ne aka shirya yi wa dam a Kafin Zaki ta jihar Bauchi. An fara aikin, ya tsaya a 1984. Masu son dam ɗin suna hangen noman rani da aikin yi ga matasa. Mutanen Yobe da Borno kuma suna tsoron ruwan da ke isa gare su zai ragu. Kowane ɓangare na da hujja. Abin lura shi ne, muryar mutanen ƙasan kogi ta shiga lissafi domin sun yi magana.

Wani zai ce, ana maganar abinci, ku kuna maganar iyo? Gaskiya ne, ruwan sha ne gaba da komai, sai na dabbobi da na lambu. Mai lambun da ke jan ruwa da inji kuɗin makarantar 'ya'yansa yake nema, wataƙila ma mahaifin ɗayanmu ne. Ba faɗa muke kira ba. Sai dai tafkin da ya yi zurfin da za a yi iyo a watan Maris, shi ne wanda kifi zai rayu a ciki, shanu su sha, rijiyoyin kusa su riƙe ruwa. Buƙatarmu da tasu ɗaya ce.

To me ɗalibin sakandare zai iya yi?

Ku fara da awo. Ku nemi izinin mai unguwa da malamin labarin ƙasa, ku kafa sanda mai alamar santimita a gefen ruwa, inda babba ya tabbatar ba haɗari. Duk mako ku rubuta kwanan wata da inda ruwa ya tsaya, ku ɗauki hoto daga wuri ɗaya. Bayan shekara guda kuna da abin nunawa, ba jita-jita ba.

Ku tambayi tsofaffi yadda wurin yake a da, wane kifi ake kamawa, wane wata yake ƙafewa. Ku rubuta da bakinsu.

Ku dasa itatuwa a gaɓa da farkon damina, ku kare su daga awaki da ƙaya.

Sannan ku rubuta takarda cikin ladabi, shugaban makaranta ya sa hannu, a kai wa dagaci da kansila. Ku roƙi abu ɗaya takamaimai: a yashe tafkin, ko a bar tazara tsakanin gona da ruwa, ko a sa alamar da idan ruwa ya sauka gare ta za a rage jan inji. Idan babban dam ne na tarayya, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano ce ke da alhakinsa.

Kada mu manta da kanmu. Kar wanda ya shiga ruwa shi kaɗai, ko ya shiga kogi lokacin da ya kawo. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wanka a tafki ya gaya wa iyayensa a je asibiti. Tsargiya ce mai yiwuwa, kuma tana da magani.

Mu dai mun riga mun sayo fenti, mun samo sanda. Dattijon nan mai lambu ya ce a kafa ta kusa da gonarsa, zai riƙa duba mana ita idan mun koma makaranta.