Hotunan da ake binnewa da ransu bayan an yi wa kwamfuta fomat

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da dama suka shiga sauya babbar manhajar kwamfutarsu, wasu da hannunsu, wasu a shagon mai gyara. Sai mutum ya koma gida ya kunna, ya tarar babu hotunan aure, babu na suna, babu hoton mahaifinsa da ya rasu. Idan ya koma shago da koke, amsar ba ta wuce guda: "Ai an yi fomat, sai haƙuri." Wannan magana ta zama kamar hukuncin alƙali, ana karɓarta ba musu, alhali a lokuta masu yawa ba gaskiya ba ce. Ɓarnarta ma ta fi ƙaryarta girma, domin wanda ya yarda hotunansa sun mutu zai ci gaba da aiki da kwamfutar hankali kwance, kuma wannan aikin ne yake kashe su.

A ɗauki faifan ajiyar kwamfuta a matsayin babban sito mai dubban ɗakuna, da littafin rajista guda da ke cewa kaya kaza suna ɗaki kaza. Fomat ɗin da ake yi yayin ɗora Windows, wadda ke ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba ta leƙa ɗakunan. Rajistar kawai take yagewa ta ajiye sabuwa fara fat. Hankali ma ya isa ya nuna haka: faifai mai gigabait 500 ba zai sharu kakaf cikin daƙiƙa goma ba, aikin awa ɗaya ne ko fiye. Kayan suna nan inda suke, sai dai sabon mai sito bai san da su ba, don haka a wurinsa kowane ɗaki fanko ne, kuma duk sabon kayan da ya shigo sai ya danne na da. Ita kanta sabuwar Windows takan ci abin da ya kai gigabait 20 zuwa 30, kuma abin da ta hau kai ya tafi har abada. Amma a faifan 500, wannan yanki kaɗan ne. Sauran filin yana nan da tsohon kayansa, yana jiran ko a cece shi ko a taka shi.

To me mutane ke yi da wannan dama? Su ɗora Office, su sauke Chrome, su bar Windows tana jan sabbin gyare-gyarenta daga intanet, su zuba finafinai. Mafi ban haushi shi ne wanda ya ji labarin manhajar dawo da hotuna, ya sauke guda uku ko huɗu a kan faifan da yake neman ceto, ya ɗora su a nan, sannan ya ce su ajiye abin da suka samo a nan ɗin dai. Kowane hoto da ya dawo ta haka yana iya zama a kan wani hoton ya sauka. Mai gyaran da ya san wannan ya yi shiru don kada a ce laifinsa ne, ya ci amanar mai kaya sau biyu. Wanda bai sani ba kuwa, bai kamata ya riƙa karɓar kwamfutar mutane yana yi mata fomat ba tare da ya tambaya ko akwai abin da za a kwashe ba.

Wani zai ce ya gwada manhajar kuma bai samu komai ba, don haka maganar mai gyara ce gaskiya. Akwai halin da hakan ke faruwa, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara. Idan kwamfutar tana da faifan zamani da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, lissafin ya canza. Tun daga Windows 7 ta shekarar 2009 akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sanar da irin wannan faifai cewa wuri kaza ba a bukatarsa, shi kuma ya share da kansa ba da jimawa ba. A nan damar kaɗan ce ƙwarai. Haka idan an yi doguwar fomat, wadda tun daga Windows Vista take bin faifan tana rubuta sifili a ko'ina, ko kuma faifan yana kulle da BitLocker aka yi masa fomat, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa. Sai dai waɗannan halaye ne da ake dubawa a tabbatar, minti biyar ya isa a gane irin faifan da ke cikin kwamfuta. Tsoffin kwamfutocin hannu da yawa har yanzu faifai mai juyawa suke da shi, kuma a kansu yanke ƙauna tun kafin a duba ganganci ne.

Abin yi na farko shi ne a kashe kwamfutar, a bar ta a kashe. Kafin a kai ga wata manhaja, a tuna yadda aka yi ɗorin. Idan ba a yi fomat ba, aka dai ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa, to tsoffin kayan suna cikin wata jaka mai suna Windows.old a ɓangaren C, kuma hotunan suna ciki da sunayensu lafiya lau. Amma a yi hanzari, domin Windows 10 da 11 kan share wannan jaka da kansu bayan kwana 10. Idan faifan a rabe yake, ɓangaren D sau da yawa ba a taɓa shi ba. Idan duk babu, sai a cire faifan a haɗa shi da wata kwamfutar ta kebul, ko a tayar da kwamfutar daga filashi, yadda babu abin da zai ƙara rubutuwa a kansa. Mai hali ya fara kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani, ya yi bincikensa a kan kwafin. Abin da aka samo kuma, dole a wani faifan daban za a ajiye shi.

Kayan aikin ba sai an kashe kuɗi ba. PhotoRec, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta, kyauta ce, kuma ba ruwanta da rajistar da aka yage. Ɗaki-ɗaki take bi tana neman alamar da kowane hoton JPEG ke farawa da ita, idan ta gani ta kwaso. Saboda haka hotunan ba za su dawo da sunayensu ko jakunkunansu ba, za su zo ne da lambobi, dubbai a cakuɗe, har da ƙananan hotunan shafukan intanet da mutum ya taɓa buɗewa. Tantancewar na bukatar haƙuri, amma kwanan watan da kyamara ke ɓoyewa cikin kowane hoto yana taimakawa wajen jera su. Wasu za su buɗe rabi, ƙasansu toka-toka, alamar an riga an taka wani sashe nasu, kuma babu manhajar da za ta ƙago abin da aka danne komai tsadarta. Recuva ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba ba, Microsoft ma ta fitar da tata mai suna Windows File Recovery a 2020. A yi hattara da waɗanda ke nuna wa mutum hotunansa a allo, sannan su ce sai ya biya kafin su sake su.

Idan faifan yana ƙara kas-kas ko yana ɓacewa yana dawowa, wannan ciwon ƙarfe ne, kuma kowace kunnawa ƙara masa rauni take. Irin wannan sai ƙwararru masu ɗakin da ƙura ba ta shiga, kada a bari kowa ya kwance shi a kan teburin shago.

Kafin a sha duk wannan wahala, a duba inda hotunan suka fito tun asali. Memorin kyamara ko na tsohuwar waya yana iya riƙe da su, shi ma ana binciken sa da PhotoRec. Google Photos da OneDrive sukan kwashe hotuna ba tare da mai su ya lura ba. Mai hoton da ya ɗauki bikin yana iya samun nasa kwafin, 'yan'uwan da aka tura wa ta WhatsApp ma haka, ko da yake WhatsApp na rage wa hoto nauyi, don haka wanda aka samo ta nan ba lalle ya yi kyau ba idan za a wanke shi babba a rataye a bango.