Kama hayar ɗaki a tsakiyar birnin Faris

A wannan darasi za mu duba yadda ake kama hayar ɗaki a tsakiyar Faris, babban birnin ƙasar Faransa. A Yamai ko Zinder, mai neman ɗaki yakan je wurin dillali, a kai shi ga mai gida, su yi ciniki, ya biya, ya tare. A Faris kuwa kuɗi kaɗai ba su isa ba. Takardu ne ke buɗe ƙofa.

Yawancin gidajen tsakiyar birnin benaye ne da aka gina a ƙarni na 19. A hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufi, akwai ƙananan ɗakuna da barorin gida ke kwana a dā. Yau ɗalibai da baƙi ne suka fi kama su, domin sun fi araha. Sau da yawa sai an hau matakala hawa shida, kuma bayan gida na haɗaka ne. Dokar 2002 ta ƙayyade cewa ɗakin haya ya kai mita murabba'i 9, ko kuma cikinsa ya kai mita 20 a ma'aunin faɗi da tsawo da tsayi.

Kafin a ba mutum ɗaki, sai ya gabatar da katin shaida, da takardar aiki ko ta makaranta, da takardun albashin wata uku. Masu gida sukan so albashin ya ninka kuɗin haya sau uku. Wannan al'ada ce, ba doka ba. Wanda bai kai haka ba sai ya kawo mai lamuni, wato wanda zai sa hannu cewa shi zai biya idan ɗan haya ya kasa. A nan ne baƙo ke shan wahala, don ba shi da dangi a ƙasar. Tun 2016 akwai wani tsari mai suna Visale da ke tsaya wa matasa ƴan shekara 18 zuwa 30 kyauta, har da ɗalibai baƙi.

Idan an daidaita, sai a rubuta yarjejeniya bisa dokar 6 ga Yuli 1989. Ɗaki marar kaya ana ba da shi na shekara uku, mai kaya na shekara ɗaya, ko wata tara ga ɗalibi. Kuɗin ajiya ba su wuce na wata ɗaya a ɗaki marar kaya, ko wata biyu a mai kaya. Tun Yuli 2019 kuma hukuma ke tsayar da ma'aunin kuɗin haya na kowace unguwa, kuma a ƙa'ida ba a ɗara shi da fiye da kashi 20 cikin ɗari.

Ranar karɓar mabuɗi, mai gida da ɗan haya sukan zaga ɗakin tare, su rubuta duk wani lahani: tsagewar bango, famfo mai yoyo, taga da ba ta rufuwa. Duk abin da ba a rubuta ba, ana iya cire kuɗin gyaransa daga ajiya ranar fita. Don haka kunya ba ta da amfani a wannan rana. Haka kuma bai kamata a aika wa kowa kuɗi kafin a ga ɗaki da ido ba, domin akwai macuta da ke tallar ɗakunan ƙarya a intanet.

Da zarar an sa hannu, doka na kare ɗan haya. Ba a fitar da shi sai da hukuncin kotu, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, lokacin sanyi, ana dakatar da kora. Idan shi ne ke son tashi, sanarwar wata ɗaya a rubuce ta isa. Ke nan wahalar tana wurin shiga. Mai niyyar zuwa karatu Faris ya fara haɗa takardunsa da neman mai lamuni tun yana gida.