Ƙashi ma asusu ne: Abin da zaman ofis ke yi wa ƙwarangwal ɗin ma'aikaci

Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Kubwa yakan bar gida tun kafin rana ta fito. Zai zauna a mota cikin cunkoso har ya isa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, ya zauna a kujera daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, sannan ya sake zama a mota zuwa gida. Idan kwankwaso ya fara ciwo, yakan ɗora laifin a kan katifa ko shekaru. Sau da yawa kuwa, tushen matsalar yana cikin yadda ƙasusuwansa ke wuni ba tare da wani aiki ba.

Jikin baligi yana ɗauke da ƙasusuwa 206. Jariri yana zuwa duniya da fiye da haka, amma wasu suna haɗewa yayin da yake girma. Mafi tsawonsu shi ne ƙashin cinya, mafi ƙanƙanta kuma yana can cikin kunne. Ƙoƙon kai yana kare ƙwaƙwalwa, haƙarƙari yana kare zuciya da huhu, ɓargon da ke cikin wasu ƙasusuwan kuma shi ne ke ƙera ƙwayoyin jini. Kusan kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake ajiye.

Ƙashin mai rai yana da jijiyoyin jini, kuma kullum ana gyaransa. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo, har masana suka ƙiyasta cewa cikin kimanin shekara 10 ƙwarangwal ɗin baligi yakan sabunta. Tun a 1892 wani likitan fiɗa Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin da ake aza masa, yana kuma raguwa idan aka bar shi ba aiki. 'Yan sama-jannati sun tabbatar da haka, domin sukan yi asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a kowane wata da suka yi a sararin samaniya, inda jiki ba ya jin nauyinsa.

Ma'aikacin da ya san tsarin fansho zai fahimci wannan cikin sauƙi. Jiki yana tara ƙarfin ƙashi har zuwa wajen shekara 30, daga nan sai cirewa ta fara rinjayar zubawa sannu a hankali. Ga mata, raguwar takan yi sauri bayan ɗaukewar jinin al'ada. Wanda zai yi ritaya yana da shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki, da abin da ya rage a wannan asusu zai yi sauran rayuwarsa, kuma karayar ƙugu a tsufa takan kwantar da mutum watanni.

Inda zaman ofis ya fi yi wa illa shi ne gadon baya. Ƙananan ƙasusuwa 33 ne suka jeru suka yi shi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran 9 kuma sun haɗe a can ƙasa. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi masu riƙe ruwa, waɗanda ke aiki kamar matashi. Nauyin jiki yakan matse su da rana, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe fiye da dare. Waɗannan faya-fayai ba su da isassun jijiyoyin jini, don haka motsi ne ke taimaka musu su sami abincinsu. Dogon zama a sunkuye gaban kwamfuta yana hana su wannan motsi, yana kuma raunana tsokokin da ke tallafar baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke naƙasa mutane a duniya.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar ta ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri, hawa bene da ƙafa, da miƙewa tsaye bayan kowane rabin awa duk suna aza wa ƙashi nauyin da yake buƙata. Hadimin da ke kai fayil daga wannan hawa zuwa wancan ya fi maigidansa cin riba ta wannan fuska. Nono, kindirmo, ƙananan kifaye da ake ci da ƙashinsu, zogale, kuka da riɗi suna ba da kalsiyam, hasken rana kuma yana sa fata ta samar da bitamin D, wanda idan babu shi hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata. Shan taba yana raunana ƙashi, haka ma daɗewa ana shan ƙwayoyi irin su dexamethasone ba da umarnin likita ba.

Yawancin ciwon baya yakan lafa cikin 'yan makonni. Amma idan ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, to a tafi asibiti nan take, domin tarin fuka ma yana kama gadon baya. Masu cutar sikila da suka fara jin ciwon ƙugu mai naci su ma kada su yi jinkiri. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da kuma Inugu sun daɗe suna duba irin waɗannan larurori, kuma wanda ya je da wuri ya fi samun damar warkewa ba tare da an kai ga tiyata ba.