Yadda kwamfutar haya ta intanet ke kare sirrin ofis yayin aiki daga gida

Tun bayan kullen annobar korona a shekarar 2020, aiki daga gida ya samu gindin zama a hukumomi da kamfanoni da dama. Sai dai ya zo da barazana: idan aka sace kwamfutar ma'aikaci, sirrin ofis ya tafi tare da ita.

Wata hanyar magance wannan ita ce hayar kwamfuta ta intanet. Ita wannan kwamfuta tana aiki ne a wata babbar cibiyar adana bayanai, ma'aikaci kuwa fuskarta kawai yake gani a na'urarsa, yana sarrafa ta daga nesa. Takardun aiki suna zama a cibiyar, kuma da zarar na'ura ta ɓace, jami'in fasaha zai toshe hanyar shiga nan take. Kamfanin da ya bayar da hayar ne ke kula da injinan, ana biyansa yawanci wata-wata. Amazon ya fara sayar da WorkSpaces a 2014, Microsoft kuma ya ƙaddamar da Windows 365 a 2021.

Amma tsarin ya dogara kacokan kan intanet. Lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a watan Maris na 2024, wadda ta kawo cikas ga bankuna a Najeriya, ta nuna haɗarin hakan. Haka kuma, idan ɓarawo ya samu kalmar sirri, zai iya kutsawa, matuƙar babu mataki na biyu na tantancewa.

Wajibi ne kuma hukuma ta san ƙasar da cibiyar take, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan jama'a zuwa ƙetare.