Wa Zai Tsaya wa Baƙo a Gaban Alƙali?

Layin dogo ne ya raini Kafanchan, kuma tun shekarun 1920 garin ke karɓar baƙi. Har gobe za a ga mai ga-ruwa yana tura kurar jarkoki, ko mai shayi yana fifita wuta da asuba, wasunsu daga Maraɗi ko Damagaram suka zo ci-rani. Ranar da jami'an shige da fice suka ce wa irin wannan bawan Allah ya fito da takarda, shi kuwa aljihunsa babu ko katin ɗan ƙasa, wa zai ɗaukar masa lauya?

An taɓa ganin amfanin lauya ƙiri-ƙiri. A watan Janairun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi, bisa zargin cewa mahaifinsa ɗan can ne. Lauyoyi suka garzaya babbar kotun Maiduguri, ta kuwa tabbatar ɗan Najeriya ne, ya dawo gida. To amma shi yana da jam'iyyar GNPP a bayansa. Da aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya a 1983, akasarinsu 'yan Ghana, sai ɗaure kaya kawai suka yi.

Najeriya tana da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tun 1976, wadda dokar 2011 ta sabunta. Gwamnatin tarayya ke ba ta kuɗi don ta kare wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun daga 2024.

Ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum da aka tsare damar ganin lauya, amma sashe na 46, da ya zo batun tallafin kuɗi, "ɗan ƙasa" marar hali ya ambata. Wanda ake shirin kora kuwa, ɗan-ƙasancin nasa ne ake jayayya a kai.

A Amurka ma gwamnati ba ta biya wa baƙo lauya a shari'ar kora, shi ya sa birnin New York ya fara ware nasa kuɗin a 2013. Nan kuwa, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 ce ta ba mai shayin nan damar zaman kwana 90 babu biza.