Ƙarfen da ba ya tsatsa: Shin wuƙar aljihu tana yin kaifi kuwa?

A kasuwar Wuse, ko ta Garki, ko gaban masu baje kaya a bakin titi, da wuya mai neman 'yar wuƙar aljihu ya samu wadda ba ta ƙyalli. Kusan dukkansu na ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa kan kira silba. Ma'aikaci ya saya ya jefa cikin jaka ko aljihun mota, ya feƙe lemo da ita lokacin hutun rana, ya buɗe kwalin takardu, ya datse igiya. Bayan wata guda sai ta koma tana murje tumatir maimakon yanka shi. Nan ne mutum zai tuna da maganar da ya sha ji a bakin mahauta da masu tsire, wato wuƙar silba ado ce, baƙin ƙarfe shi ne kaifi.

Maganar tana da asali, sai dai ta tsufa. A shekarar 1913 ne wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley, a birnin Sheffield na Ingila, yana binciken ƙarfen da zai hana bututun bindiga saurin cinyewa, ya haɗa wani ƙarfe mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari. Sinadarin yakan haɗu da iska ya yi wata siririyar fata a jikin ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare tsatsa. Har yau ba a sa ƙarfe cikin wannan rukuni sai kuromiyam ɗinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. To amma haɗin Brearley na farko kabon ɗinsa kashi 0.24 ne kacal, alhali kabon shi ke ba ƙarfe tauri. Wuƙaƙen farko sun yi suna wajen ƙyalli, sun kuma yi ƙaurin suna wajen rashin yanka, kuma wannan ƙaurin sunan ne ya biyo su har kasuwanninmu.

Abin da ya kamata mai saye ya rarrabe shi ne, yin kaifi daban, riƙe kaifi daban. Kaifi ba kome ba ne illa sirantar baki, inda gefe biyu na ruwan wuƙa suka haɗu. Duk ƙarfen da aka gasa da kyau ana iya wasa shi har ya aske gashin hannu, shaida kuwa ita ce rezar aski da wuƙar likitan tiyata, waɗanda da yawansu da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su. Riƙe kaifi kuwa ya dogara ne ga tauri, shi kuma tauri ya dogara ga yawan kabon da irin gashin da ƙarfen ya sha a masana'anta.

Masu sana'ar suna auna tauri da ma'aunin Rockwell. Wuƙar kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa a 1884, takan tsaya wajen lamba 56. Ba ta cikin masu tsananin tauri, saboda haka tana dakushewa da ɗan sauri in aka matsa mata da aiki, amma cikin 'yan mintoci take dawowa a kan dutse. Waɗanda suka kai lamba 60 suna daɗewa da kaifinsu, sai dai wasa su aiki ne, kuma bakinsu yakan ɓantare in ya ci karo da ƙashi. Can ƙasa kuma akwai na araha marasa suna, masu ƙarancin kabon, waɗanda bakinsu ke lanƙwashewa tun a rana ta farko. Su ne suka fi yawa a kasuwa, su ne kuma ke ja wa sauran zagi. Araha dai ba ta ado.

Mahauci ma bai yi ƙarya ba. Baƙin ƙarfen maƙera ya fi sauƙin wasawa, domin ƙwayoyinsa sun fi laushi ga dutse, shi kuwa kuromiyam yakan haɗu da kabon ya yi wasu ƙwayoyi masu tauri da ke gajiyar da mawashi. Mai fiɗa da ke goga wuƙarsa sau goma kafin ya gama da sa ɗaya, dole ya fi son wadda take amsawa nan take. Kuma ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a sanin ƙarfe: a Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono murhunan narka tama a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,000. Amma buƙatar ma'aikacin ofis ba ta mahauci ba ce. Shi wuƙarsa takan kwana cikin zufar aljihu, ta sha ruwan lemo da na mangwaro, ta ratsa daminar Abuja daga Afrilu zuwa Oktoba. Baƙin ƙarfe a wannan hali kwana kaɗan zai yi ja.

Galibin wuƙaƙen da ake zargi da rashin kaifi, a wurin wasawa aka kashe su. Gab da Babbar Sallah masu wasa wuƙa sukan cika unguwanni irin su Kubwa da Nyanya da Karu, wasu da dutsen da ake juyawa da ƙafa, wasu da injin lantarki. Injin yana da sauri, amma in aka danna siririn baki a kansa har ya yi shuɗi, zafi ya riga ya warware gashin masana'anta, kuma wannan bakin ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wurin da ya ƙone. Wuƙar aljihu ba ta da naman da za a yi ta ci haka.

Hanyar da ta fi ita ce dutse da ruwa da haƙuri. A kwantar da ruwan wuƙar a kan dutse a kusurwar da ta kai digiri 15 zuwa 20. Mai son ya gane ta sai ya tsayar da wuƙar tsaye, ya karkatar da ita rabi, ya sake karkatar da rabin, sannan ya ɗan ƙara sassautawa. A yi ta goga gefe ɗaya har yatsa ya ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan a juya. Wannan ƙaiƙayin yana da naci a jikin ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma in aka bar shi, wuƙa za ta yi kamar ta yi kaifi, ta mutu a yankan farko. Ana cire shi da sassauƙar guga, sannan a ja bakin baya-baya a kan fata, kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Inda babu dutse, gindin kofin tangaran da bai sha fenti ba yana fid da mutum kunya. Gwaji kuwa takardar ofis ta isa: in wuƙa ta ratsa ta ba tare da yage ta ba, aiki ya yi.

Saura kiyayewa. Kwali yana cin kaifi fiye da yadda ake zato, haka ma yanka a kan faranti ko tayil. Gishiri da tsami in suka kwana a jikin wuƙa suna iya huda ta, domin ƙarfen juriya gare shi, ba lagani ba. Dakusasshiyar wuƙa kuma ta fi mai kaifi haɗari, tun da sai an danna ta da ƙarfi, in ta zame kuwa yatsa ne a gabanta.

Abu na ƙarshe ga masu yawan tafiyar aiki: kafin a kama hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, a cire ta daga aljihu a sa cikin jakar da za a auna, domin ba a shiga cikin jirgi da wuƙa a hannu. Haka nan a ƙofar ma'aikatun da ake binciken masu shiga, barinta a mota ya fi doguwar magana da jami'in tsaro.